Kason Ɗanliti

Litinin, 4 ga Mayu 1959, bayan la'asar

Bidi ya ƙi takawa. Na kwance shi daga turke da hantsi zan kai shi rafi, sai ya miƙe ƙafafun gaba, ya tattara nauyinsa a na baya kamar mai shirin zama, ya tsaya yana kallona. Na ja, na lallaɓa, na daka masa tsawa. Ko gezau. Da na dafa kofatonsa na ji zafi rau, duka biyun na gaba.

Littafin nan na ajin yaƙi da jahilci ne, wanda nake koyar da magidanta a zauren mai unguwa. Shafuka sun ragu da yawa a baya. Bari in riƙa zuba abin da ke cina a ciki, tunda a gidan nan ba ni da wanda zan gaya wa.

Bidi ba nawa ba ne. Ƙurun ƙanena ne, Ɗanliti, ɗan gajeren doki mai kaurin wuya da taurin kai irin na mai shi. Wata bakwai ke nan da Ɗanliti ya tafi Riruwai haƙar kuza. A ƙasa ya tafi, ya bar dabbarsa a ɗaure. Abin da ya ce mini a bakin zaure shi ne, "Riƙe wannan ma, Yaya, tunda komai naka ne." Abin da ya jawo wannan magana ba zan rubuta shi ba.

Inna kuwa ta riga ta yanke hukuncinta: muddin Bidi na turke, autanta zai dawo. Ta faɗa wa Zuwaira matata, Zuwaira ta faɗa mini. To ga Bidi ya ƙi takawa.

Talata, 5 ga Mayu, bayan magariba

Na taka har Ƙafin Maiyaki, don an ce malamin dabbobi na can yana yi wa shanu allura. Malam Hamidu sunansa. Na jira shi tun hantsi har azahar ta gota, Fulani sun yi masa caa, kafin ya saurare ni. Allah ya saka masa, ya goyo ni a kekensa muka zo.

Ya ɗaga ƙafar, ya ƙwanƙwasa kofaton da ɗan ƙarfe, Bidi ya zabura. Ya matsa wuyan, ya shafa bayan, ya dube ni.

"Malam Mudi, yaushe rabon da a hau shi?"

Na ce tun kaka.

"Ana kuma ɗura masa?"

Na ce safe da yamma.

Ya ce to ƙoshi ne ya sauka masa a ƙafa. Ƙuru ba kamar babban doki ba ne, abu kaɗan ke isarsa, in ba ya aiki hatsi ya zame masa cuta. Ga abin da ya gindaya, na rubuta a gabansa: ba hatsi, ko ƙwaya ɗaya. Busasshiyar ciyawa, a jiƙa ta a tsame kafin a ba shi. Harawa kaɗan. Gishiri da 'yar kanwa ya riƙa lasa. In ruwa ya sauka kada ya taɓa sabon tsiro. A tsayar da ƙafafunsa cikin laka mai sanyi safe da yamma. Ya ce in an kiyaye, cikin kwana goma zafin zai sauka. In ba a kiyaye ba kofaton zai saki daga ciki, daga nan kuma sai addu'a.

Ni na ɗura masa. Da hannuna. Don kada a ce a gari Mudi ya bar dokin ƙanensa ya rame. Yau ga abin da gudun "kada a ce" ya haifa mini.

Laraba, 6 ga Mayu, da hantsi

Na gaya wa Zuwaira, ta ce to. Na je na tsuguna a ƙofar ɗakin Inna.

Ni ɗan fari ne. Shekarata talatin da takwas, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, in tana da magana sai ta bi ta bakin wani. Kunyar ɗan fari ta riƙe ta da hannu biyu tun daga garinsu can ƙasar Katsina, ita da harshenta, don har yau "mi" take cewa ba "me" ba. Ɗanliti kuwa a gefen tabarmarta yake cin tuwo har ya yi gemu.

Na gaishe ta ta bayan asabari, na ce, "Inna, malam ya ce a hana Bidi hatsi."

Ta ce, "To."

Shi ke nan hirarmu ta yau. Ta ma yi tsawo.

Alhamis, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Na haƙa rami a gindin turke, na cika shi da laka, tulu shida na ɗebo. Ya tsaya ciki kamar an yi masa dole, an kuwa yi masa. Ciyawar da na jiƙa ya shinshina ya kau da kai. Kai! Dabba ma ta san raini.

Juma'a, 8 ga Mayu, bayan an sauko

Labari ya riga ni zuwa masallaci. Wani daga sahun baya ya ce, "Malam Mudi, an ce ka sa doki azumi? Ai salla ta wuce!" Aka kwashe da dariya. Wani dattijo ya kama hannuna da gaske yana mini nasiha, wai hakkin dabba ba wasa ba ne, doki ba dawa ai jaki ne. Na ce malamin dabbobi ne ya hana. Ya ce su 'yan boko sun san doki? Na haɗiye abin da ya zo mini baki don girmansa.

Abin da ba su faɗa ba na ji shi sarai. Cewa suke yi na fara da cinye wa Ɗanliti gona, yanzu na koma kan dokinsa.

Asabar, 9 ga Mayu, da yamma

Kofato da zafi.

Lahadi, 10 ga Mayu, bayan azahar

Sale mai kai gishiri Doguwa ya leƙo, ya ce jibi zai tashi, in da saƙo har Riruwai yana iya miƙawa. Na ce zan rubuta. Ni ke rubuta wa rabin garin nan wasiƙa, ta haihuwa, ta rasuwa, ta neman aure. Na zauna da alƙalami na rubuta "Zuwa ga ƙanena" na tsaya. Me zan ce? Dokinka ba lafiya? Sai ya ce dama.

Na yage takardar.

Talata, 12 ga Mayu, da hantsi

Sale ya tafi. Ban ba shi komai ba.

Kwana bakwai ke nan ina bin dokar malam kamar karatun allo. Ruwa, laka, ciyawa, gishiri. Bayana ya ƙage da ɗaukar tulu. Amma kofaton nan sai ƙara zafi yake yi, kuma abin da ya ɗaure mini kai, Bidi bai faɗa ba ko kaɗan. Dabbar da ba ta cin komai sai jiƙaƙƙiyar ciyawa, cinyarta na sheƙi?

Laraba, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Buba ya zo, Bafulatanin da ke sauke shanunsa a gonarmu da rani. Ya kawo mini jar kanwa a ƙulle cikin tsumma, ya ce a ba puccu ya lasa, haka suke kiran doki. Bai yi mini wa'azi ba, shi ya sa na ba shi tabarma. Ya daɗe yana kallon kaji suna tono a gindin turke. Can ya tashi, ya sa sandarsa ya fasa kashin Bidi, ya kira ni da hannu.

Ƙwayoyi. Jajaye, gaba ɗayansu, ko narkewa ba su yi ba.

Ya ce, "Malam, wanda ke azumi ba ya kashi haka."

Wallahi sai da na ji kaina ya yi dum. Ina Buba ya fita na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi ba Inna na ciki. Na ce wa ke ba shi hatsi? Wane mara tsoron Allah ne ke warware mini aiki a gidan nan?

Zuwaira ta saki taɓarya tana kallona. Daga ɗaki Inna ta ce, "Zuwaira, ki ce mashi ni dai ko ƙwarar hatsi ban ba shi ba."

Na ji kunya ta rufe ni. Ban da hauka, ina ni ina tuhumar Inna?

Alhamis, 14 ga Mayu, bayan asuba

Mu uku ne a gidan nan. Ba ni ba ne, ba Inna ba ce.

Alhamis ɗin dai, bayan magariba

Na tare Zuwaira a ɗaki. Ta rantse, na ce ta bar rantsuwa. Ta ce, "Malam, me zan ci da mutuwar Bidi?" Na ce ba mugunta nake nufi ba, tausayin banza ne irin na mata, ya yi haniniya ta watsa masa hannu guda. Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina auna maka abinci, yau ni ce ɓarauniyar mudu?" Ta juya mini baya.

Tuwon yau ba gishiri a miya. Na cinye haka nan, don na san da gangan ne.

Juma'a, 15 ga Mayu, da la'asar

Na shafe bakin rumbu da laka, na danna babban yatsana a jiki. Abin da za a girka ni zan riƙa ɗebowa in auna. Na saƙa takunkumi da kaba na ɗaura wa Bidi, ba na cirewa sai ina tsaye a kansa. Yana dubana ta saman kabar kamar na ci amanarsa. Ɗan banza, don kai nake yi!

Ina jin Inna tana ce wa Zuwaira ta surfa mata hatsi na fura, bakinta ba daɗi. Na fasa lakar da na shafa yanzu-yanzu na ɗebo mata gero na sake shafewa. Aikin banza ya ishe ni.

Lahadi, 17 ga Mayu, da hantsi

Shaidar yatsana na nan a bakin rumbu. Takunkumi na nan a ɗaure. Ƙwayoyi na nan a kashi.

To aljanu ne?

Litinin, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Na soma zargin kowa. Dattijon masallaci mai cewa doki ba dawa jaki ne. Maƙwabtan da dangarmu ta haɗu. Har Buba, Allah ya yafe mini, mutumin da ya nuna mini abin da idona bai gani ba. Na toshe ɓarakar danga da ƙaya. A aji yau na yi wa wani magidanci mai furfura tsawa don ya rubuta "d" a gurbin "ɗ". Ya naɗe littafinsa ya fita. Gobe sai na je ba shi haƙuri.

Zuwaira kwana huɗu ba ta ce mini komai ba sai "ga ruwa", "ga abinci".

Laraba, 20 ga Mayu, bayan magariba

Malam Hamidu ya biyo a hanyarsa ta zuwa Kiru. Ya duba, ya daɗe a tsugune. Ya nuna mini inda saman kofaton ya lotsa, wurin da gashi ya ƙare.

Ya ce, "Malam Mudi, ka ce ka kiyaye."

Na ce na kiyaye.

Ya ce, "Kai ka kiyaye, gidanka bai kiyaye ba." Ya ce a zuba masa yashi mai laushi ya kwanta a kai, a riƙa juya shi. Bai sake maganar kwana goma ba. Na lura.

Da zai hau keke ya tambaya ko mai dokin na kusa. Na ce yana Riruwai. Ya ce da an sanar da shi. Kowa ya iya faɗar wannan.

Alhamis, 21 ga Mayu, da yamma

"Zuwa ga ƙanena." Na sake yagewa. Takarda ma ta kusa ƙarewa.

Asabar, 23 ga Mayu, da hantsi

Ruwa ya sauka, mai yawa, ƙasa ta jiƙu har kamu guda. Gari duk an fita shuka. Na shuka gefen yamma na gonar. Gefen gabas, daga tsamiya zuwa rafi, inda Ɗanliti ke nomawa, na tsaya a bakinsa da sungumi a kafaɗa, na juyo.

Ba don komai ba. Iri ne bai isa ba.

Ƙarya nake yi, iri na nan.

Litinin, 25 ga Mayu, da hantsi

Bari in rubuta yadda ya faru.

Kullum in an idar da sallar asuba nakan zauna a masallaci har gari ya yi haske, ita kuma Zuwaira a lokacin take tafiya rijiya. Yau hadari ya taso, na tuna na bar ciyawar Bidi a waje, na taso da wuri.

Ina shiga na ga Inna a durƙushe a gaban turke. Ta kwance takunkumin ta rataye a wuyan hannunta. Bidi na kwance, ta tallafe masa haɓa da hannu ɗaya, ɗaya hannun da ƙoƙo, yana ci tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ba ta ji shigowata ba. Cewa take yi, "Ci, ɗan nan. Ci. Ko can ba ka samu ba, ka samu nan."

Na ce, "Inna!"

Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, ba ta ko firgita ba.

Na ce, "Inna, ba na ce malam ya hana shi hatsi ba?"

Ta ce, "Mi na yi? Ai hatsi aka hana. Wannan dawa ce."

Ta karkato ƙoƙon in gani. Jar dawa ce jiƙaƙƙiya, daga ɗan rumbunta na bayan ɗaki, ta gayaunarta. Rumbun da ko a mafarki ban yi tunanin shafe bakinsa ba.

Innalillahi. Na tsuguna a gefenta.

A bakin Inna hatsi gero ne. Gero kawai. Haka suke faɗa a garinsu, dawa dawa ce, hatsi hatsi ne. Da wannan harshe aka yaye ni. Tun ina yaro in ta ce a miƙo hatsi na san zangarniyar gero take nufi. Kwana goma kacal ke nan da na ji ta ce a surfa hatsi na fura, na tashi da ƙafata na ɗebo gero! Amma na ɗauko kalmar malam yadda ya faɗe ta, na ajiye mata a bakin asabari na tashi, don kada hirarmu ta kai jimla biyu. Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ma daina ba shi gero tun ranar, ta ce, ta ƙara dawar don ta cike gurbin.

Na tambaye ta tun yaushe. Ba ni ta amsa wa ba, Bidi ta amsa wa. Ta ce tun ran da mai shi ya tafi. Kullum da safe in ta tashi awo hannunta sai ya auna har da kason Ɗanliti, ta rasa yadda za ta mayar da shi cikin rumbu. Mayarwa kamar ta ce ba zai dawo ba ne.

Na ce, "Inna, malam ya ce a dakata da dawar ma."

Ta dubi ƙoƙon. Can ta ce, "Ita ma?"

Na ce ita ma.

"Ita ke sa mashi ciwon?"

Yau ce rana ta farko da Inna ta taɓa yi mini tambaya kai tsaye. Na ce a'a. Na ce ciwon daga Allah ne, malam dai ya ce a huta masa ciki.

Ta ɗaura takunkumin da kanta, irin ɗaurina sak, ta ɗauki ƙoƙonta ta shige ɗaki.

Litinin ɗin dai, bayan azahar

Na sami Zuwaira a madafa na ce ta yafe mini. Ta ce me aka gano? Na faɗa mata. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, baiwar Allah." Sai kuma ta harare ni ta ce, "Kai da ke koya wa gari karatu." Na je na fasa lakar bakin rumbu, na kankare shaidar yatsan.

Na roƙe ta kada Inna ta ji gaskiyar daga bakinta. Ta ce, "Malam, kana zaton ba ta sani ba?"

Laraba, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Kashi ba ƙwaya. Kwana ashirin da biyu a makare.

Ba ya tashi yanzu sai mun ɗaga shi ni da Buba da igiya. Gefen cinyarsa ya soma salewa. Ciyawar da yake rainawa yana karɓa daga hannuna, kaɗan-kaɗan. Na ce masa, yanzu ka ga dama? Buba ya yi kamar bai ji ina magana da doki ba.

Alhamis, 28 ga Mayu, da yamma

Inna ba ta fito ba yau. Furar da aka kai mata ta dawo yadda take.

Haushi nake ji, ban san na wa ba. Na malam da bai ce "gero da dawa" ba? Ai Hausa ya yi. Na Inna? Subhanallahi. Na wancan da ya ɗaure dabba ya yi tafiyarsa don ya bar mini abin da zan riƙa gani kullum? Shi ma ina jin nasa. Amma in na zagaya na zagaya, kan mutum ɗaya nake dawowa.

Maganar da na faɗa masa kan gona a gindin tsamiya, gaban mutane. Ba sai na faɗe ta haka ba.

Asabar, 30 ga Mayu, da hantsi

Kofaton dama ya buɗe ta sama, yana ruwa. Buba ya duba ya ce, "Sai haƙuri, Malam." Na wanke da ruwan gishiri na ɗaure da tsumma. Na san aikin banza ne, na yi.

Litinin, 1 ga Yuni, bayan azahar

Bidi ya mutu da hantsi. Ina riƙe da kansa.

Ba a so in binne shi, wai doki a ja shi bayan gari a bar wa ungulu. Na ce ba inda Inna za ta ɗaga kai ta ga suna shawagi. Buba ya kawo bijimai biyu muka ja shi har gefen gabas na gonar, muka haƙa rami kusa da tsamiya. Sirdi da linzami na goge na rataye a ɗakin mai su.

Dattijon masallaci ya tare ni a hanya ya ce, "Ka gani ko? Yunwa ta kashe shi." Na ce haka ne, Baba. Gara a ce ni ne.

Talata, 2 ga Yuni, da yamma

Ban je aji ba.

Laraba, 3 ga Yuni, da hantsi

Na dawo daga masallaci da wuri, da niyyar in cire turken in cike ramin lakar kafin kowa ya fito.

Inna ta riga ni. Tana tsaye a gaban turken da ƙoƙo a hannu, cike da dawa. Ba ta zuba ba, ba ta koma ba. Tsaye kawai, kaji sun kewaye ƙafafunta.

Na gaishe ta. Ba ta ja mayafi ba. Ta ce, "Hannun ne. Ya auna kafin in tuna."

Na matsa kusa da ita.

Ta ce, "Na san dawar ce. Ba sai ka ɓoye mani ba." Sai ta dubi turken ta ce, "Yanzu mi zai dawo ya ɗauka?"

Ban san lokacin da na miƙa hannu biyu na karɓi ƙoƙon ba. Na ce, "Inna, kason wa ye wannan?"

Ta ce, "Ka sani."

Na ce to a soya ta a niƙa, a sa kanwa da ɗan yaji yadda yake so, a ƙulle mini. Na jiya da na shekaranjiya ma in suna nan a haɗa. Na ce ni zan kai masa.

Ta dube ni. A ido. Ban san haka idanunta suka yi fari-fari ba, ashe tsufa ya ci su ban lura ba.

Ta ce, "Ka san hanya?"

Na ce zan tambaya.

Alhamis, 4 ga Yuni, bayan asuba

Ba wasiƙa. Abin da na faɗa da baki a gaban mutane, da baki zan je in janye shi. Zan gaya masa Bidi ya mutu a hannuna, ni na fara ɗura masa, wannan gaskiya ce kuma ta isa. Zan gaya masa daga tsamiya zuwa rafi ba a shuka ba, ƙasa na da laima, in ya yi sauri bai makara ba. In ya zage ni in tsaya ya gama.

In na sami mota a Ƙafin Maiyaki zuwa Tudun Wada, to. In ban samu ba in taka, shi ma a ƙasa ya tafi. Buba zai riƙa leƙa gidan.

Tun ɗazu nake jin ƙarar dutsen niƙa daga ɗakin Inna. Zuwaira ta je karɓar mata niƙan, Inna ta hana ta. Yanzu ta aiko da ƙullin, ya fi abin da na ce nauyi nesa ba kusa ba, kuma ƙulli biyu ne. Na ce wa Zuwaira ɗayan fa?

Ta ce, "Cewa ta yi, wannan na Mudi ne."

Na ce ta sake faɗa. Ta ce haka ta ce, da sunan.

Turken na bar shi inda yake.